JAN RUWAN ANAB NA ITALIYA DA AKUSHIN MAI-BI

Ya kai mai-karatu, ɗan'uwa cikin Ubangiji, ko kana zaune a ƙasar Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko can cikin duwatsun Doguwa: Wannan ƴar takarda a kan abin sha ta ke magana, kuma muna roƙonka ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Ka sani sa'anda Kirsimeti ya ƙarato, samarinmu da su ka tafi neman abinci a Kaduna da Abuja da Ikko su kan komo gida da tsaraba. A cikin kayan waɗansunsu a kan sami baƙar kwalba mai-dogon wuya, da rubutun Turawa a jikinta. Mai-ita ya kan ce: Wannan ba burukutu ba ne, jan ruwan anab ne na ƙasar Italiya; ba shi da tsada; da abinci a ke shansa kaɗan kaɗan; Ubangijinmu ma ya mai da ruwa ruwan anab a gidan biki. Dattijon gida kuwa ya kan rasa amsa, gama waɗansu daga cikin maganganun nan gaskiya ne. Domin wannan mu ka ga ya kamata mu bayyana maka abin da ke cikin kwalbar, da yadda masu-ita su ke sha a ƙasarsu, da abin da Littafi Mai-Tsarki ya nuna, kāna ka auna da kanka ko ta dace da akushinka.

I. ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Anab, wanda mutanen yanzu ke ce da shi inabi, itace ne mai-yaɗo, ƴaƴansa a cure su ke fita. Idan an matse su an ajiye ruwan tare da ɓawon, sai ya yi tsami ya tashi, zaƙinsa ya juye ya zama ƙarfin giya, ɓawon kuma ya ba shi ja da bauri. Haka tsiron dawa ke yi a tukunyar mai-burukutu. Hanyar ɗaya ce, iri ne ya bambanta.

Italiya tana cikin ƙasashen da su ka fi kowa yin ruwan anab a duniya, ita da Faransa. A tsakiyarta akwai lardin Toskana, inda duwatsu su ke tsakanin birnin Fulorens da birnin Siyena. Daga nan a ke kawo wanda a ke kira Chianti, ana faɗinsa Kiyanti. Tun shekara ta 1716 mai-mulkin Toskana, Cosimo na Uku, ya shata iyakar ƙasar da za a riƙa kiran ruwan anab ɗinta da wannan suna. A shekara ta 1872 kuma wani basarake, Bettino Ricasoli, wanda ya taɓa zama firayim minista na Italiya, ya rubuta yadda za a gauraya shi: mafi yawa daga irin anab mai-suna Sangiovese, a ƙara Canaiolo domin ya tausasa shi, da ɗan farin Malvasia ga wanda za a sha da wuri. A arewa kuma, kusa da birnin Verona, ana gauraya Corvina da Rondinella a sami wanda a ke kira Valpolicella.

Don me a ke gauraye-gaurayen nan? Kai manomi ne, ka san dalili. Kana shuka dawa da gero da wake a gona ɗaya, domin in damina ta ɓata ɗaya, ɗayan ya fisshe ka. Haka manomin Italiya. Wani iri ya cika tsami, wani ya fi zaƙi, wani ya fi ja. In an haɗa su, rashin wannan ya cika da yalwar wancan, kuma farashi ya sauko har talaka ya iya saye.

II. YADDA MASU-ITA SU KE SHA

Ba za mu yi wa mutanen Italiya shaidar zur ba. A ƙauyukan Toskana, har wajen shekarun 1960, manoma da yawa ƴan noman raba-daidai ne: su yi aikin gona, su raba amfani biyu da mai-ƙasa. Ruwan anab a wurinsu ɗaya ne daga cikin amfanin gona, kamar gurasa da man zaitun. A kan zuba shi a ƙaramin kofi a lokacin cin abinci, sau da yawa a sirka da ruwa, iyali duka suna zaune, tsofaffi suna gani. Tsaminsa ya kan yanke maiƙon abinci, kitsen nama kuma ya kan rage baurinsa, kamar yadda tsamiya ke gyara kunu. A al'adarsu ta dā abin kunya ne a ga mutum yana tangaɗi a hanya.

Amma ka lura da abu biyu. Na fari, al'adar nan tana da shinge: iyaye da kakanni da maƙwabta su ne su ke tsare awon, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana gina wannan shinge. Kwalba ta kan ƙetare teku ta iso ƙauyenka, shingen kuwa ba ya biyo ta. Na biyu, su kansu mutanen Italiya sun ja da baya. A shekarun 1960, in an raba abin da a ke sha ga kowane mutum a ƙasar, ya kan wuce lita 100 a shekara. Yanzu bai kai rabin haka ba. Masu-gonar suna rage sha, kai da ba ka da kurangar anab ko ɗaya za ka fara?

III. ABIN DA LITTAFI YA NUNA

Mai-bi ba ya ƙara wa Maganar Allah abin da ba ta faɗa ba, ba ya kuwa rage ta. Gaskiya ne a Kana ta Galili, sa'anda abin sha ya ƙare a gidan biki, Ubangiji Yesu ya sa aka cika randuna shida na dutse da ruwa, ya mai da shi ruwan anab. Yohanna ya ba da labarin a sura ta 2. Gaskiya ne kuma Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon ciki da ke damunsa. Saboda haka ba mu da iko mu ce ruwan anab a kan kansa zunubi ne, ko mu hukunta ɗan'uwa na wata ƙasa da ke shan kofi ɗaya da abincinsa yana godiya ga Allah.

To, amma buɗe Littafin ka ƙara dubawa. Mutum na fari da a ka ce ya dasa gonar anab shi ne Nuhu, adali wanda ya tsira daga ruwan tufana. Ya sha, ya bugu, ya kwanta tsirara cikin tantinsa, abin ya jawo la'ana a zuriyarsa. Lutu ya tsira daga wutar Saduma, amma abin sha ya kai shi ga abin da baki ba ya son faɗi. Ka ga waɗanda ruwa da wuta ba su ci ba, ƙoƙo ya kā da su. Littafin Misalai, sura ta 23, ya yi gargaɗi a kan jan ruwan anab musamman, ya kwatanta ƙarshensa da saran maciji. Bulus ya tsauta wa mutanen Koranti domin waɗansunsu suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji, matalauta kuwa suna zaune da yunwa. Ya hana mutanen Afisa maye, ya kuma lissafta mashaya cikin waɗanda ba za su gāji mulkin Allah ba.

Akwai kuma waɗanda su ka bar shi ɗungum, Allah kuwa ya yaba musu. Daniyel, yana saurayi a fadar Babila, ya ƙi abincin sarki da ruwan anab ɗinsa, ya roƙi ganye da ruwa. Annabi Irmiya ya ajiye tuluna cike a gaban Rekabawa, su ka ƙi taɓawa domin wasiyyar kakansu Yonadab, Ubangiji kuwa ya sa su su zama abin misali ga dukan Yahuza. Yohanna Mai-baftisma bai taɓa sha ba tun daga haihuwa.

Hukuncin Littafi ke nan a taƙaice: maye haram ne ga kowa, a ko'ina, sha kaɗan kuwa an bar wa lamirin mutum, amma an ɗaure lamirin da ƙauna. Bulus ya bayyana wannan ga Romawa a sura ta 14 da Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura ta 8: abin da ya halatta gare ka, in zai zama sanadin faɗuwar ɗan'uwanka rarrauna, ƙauna ta ce ka bar shi. Tambayar da ta rage gare ka ita ce wannan: a nan inda Allah ya ajiye ka, me kwalbar za ta jawo?

IV. LISSAFIN ARAHA

An ce maka tana da araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Zo mu yi lissafi.

Da fari, lissafin jiki. Kwalba ɗaya tana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na lita. A cikin jan ruwan anab irin wannan, kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari ƙarfin giya ne zalla. Ya ninka na giyar kwalba da a ka saba gani fiye da sau biyu. Wanda ya shanye kwalba ɗaya, tamkar ya sha manyan kwalaben giya uku ne da ɗori. Hanta ce ke aikin tace shi, kuma a hankali ta ke yi. Kwalba ɗaya ta kan ɗauke ta kamar sa'a goma. Abinci a ciki yana jinkirta shigar giya cikin jini, wannan gaskiya ne, amma ba ya rage wa hanta aikinta ko kaɗan. A ƙasarmu kuwa mutane da yawa suna ɗauke da ciwon hanta mai-yaɗuwa ba su sani ba. Giya ga irin wannan hanta kamar ƙara wa jaki mai-miki kaya ne. Mace mai-ciki in ta sha, ɗan da ke cikinta ya sha tare da ita.

Wataƙila ka ji an ce jan ruwan anab maganin zuciya ne. An daɗe ana faɗin haka a ƙasashen Turai. Amma tun shekara ta 1988 masu-binciken ciwon daji na duniya su ka sa giya cikin abubuwan da a ka tabbatar suna haddasa shi. A watan Janairu na shekara ta 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani awo na giya da za a ce ba shi da lahani ga lafiya. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ne su ka mutu a duniya a shekara ta 2019 ta dalilin giya. Timoti ya sha domin magani a zamanin da babu asibiti. Kai kana da likita.

Na biyu, lissafin algus. Inda a ke neman araha, nan maha'inta su ke taruwa. A shekara ta 1986, a arewacin Italiya kanta, waɗansu ƴan kasuwa su ka zuba wani ruwa mai-dafi, wanda a ke kira metanol, cikin ruwan anab mai-araha domin ya yi ƙarfi. Mutum kamar ashirin su ka mutu, waɗansu su ka makance har abada. A shekara ta 2015 irin wannan dafi cikin ogogoro ya kashe mutane da dama a jihar Ondo da jihar Ribas. Italiya tana da dokar tsare sunayen ruwan anab tun shekara ta 1963, duk da haka abin ya faru. Kwalbar da ta biyo hannu bayan hannu a ɓoye har ta iso gare ka, wa zai rantse maka da abin da ke cikinta? Takarda a jikin kwalba kowa na iya mannawa.

Na uku, lissafin rumbu. Abin da ma'aikacin birni ya kira araha, auna shi da kwanon masara a kasuwar Tudun Wada, ka ga kwano nawa ne. Wannan kuɗin ɗinkin yaro ne, ko takin kadada, ko maganin zazzaɓi. Kuma kwalba ba ta zuwa ita kaɗai. Wanda ya koyi ɗanɗano a ranar idi, sa'anda kuɗin ta Italiya ya gagare shi, ba ya komawa ruwan randa. Gidan burukutu ya kan nufa, ko ƴan ƙananan ledoji masu-zafi da a ke sayarwa a bayan tasha. Da kaka rumbu cike, da bazara ana auna dawa ana kaiwa gidan giya, da damina uwargida tana neman rancen hatsi. Wane ƙauye ne bai ga wannan ba?

V. ƘASAR DA KA KE ZAUNE

Ka tuna daga inda a ka fito da mu. Da yawa cikin masu-bi na kudancin Kano ƴaƴan Maguzawa ne da jikokinsu. A gidajen kakanni burukutu yana cikin kowane sha'ani: gayya, da biki, da makoki, da tsafi. Mata su jiƙa dawa ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa kwana da kwanaki. Iyayenmu da su ka karɓi bishara, da yawansu sun fasa tukwanen nan da hannunsu, sun sha gori a wurin dangi saboda haka. A cikin kowace ikilisiya a yau akwai dattijo wanda ya yi kokawa da ƙoƙon giya shekara da shekaru kafin Ubangiji ya kwance shi. Shi ne ɗan'uwa rarrauna da Bulus ya ambata. Idan ya shigo gidanka ranar Kirsimeti ya ga ja a kofi a gaban ɗan mawaƙa ko ɗan dattijon ikilisiya, ba zai tambayi sunan lardin Toskana ba. Zai ce a ransa: ashe an halatta. In ya koma gidan jiya, a wuyan wa alhakinsa ya ke?

Ka tuna kuma da maƙwabtanka. Mafi yawan mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa Musulmi ne, addininsu ya haramta giya, kaɗan da mai-yawa. Da su ka ke cin kasuwa, da su ka ke kamun kifi a Tiga, da su ka ke shiga mota daga Kwanar Ɗangora. Waɗansunsu sun ɗauka Kirista da mashayi abu ɗaya ne. Ba da gardama za ka kawar da wannan zato ba, sai da hali. Yawancinsu ba za su taɓa buɗe Linjila ba. Kai ne su ke karantawa.

Ga kuma hukuma. Hana giya a ƙasar nan tsohon abu ne. Sarakunan Musulunci sun hana ta; ƙasashen Turai da su ka taru a Burasels a shekara ta 1890 sun yi alkawarin tsare yankunan Afirka da ba su saba da barasa ba; Ingilishi kuma, waɗanda su ka ci Kano a shekara ta 1903, sun hana a sayar wa ƴan ƙasa barasar waje a Arewa. A shekara ta 2000 jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a shekara ta 2003 a ka kafa hukumar Hisba, wadda ta sha kama motocin giya tana farfasa kwalabe a bainar jama'a. Ko mene ne ra'ayinka a kan wannan, manzanni sun koya mana mu girmama mahukunta cikin dukan abin da bai saɓa wa Allah ba. In za a kai mai-bi gaban alƙali, bari ya zama saboda sunan Almasihu. A sha wuya domin kwalba kuwa, babu lada a ciki.

VI. ABIN DA ZA KA SA A GABAN BAƘO

Kada ka ce mun hana ka murna. Allahn da ya halarci bikin Kana yana son ƴaƴansa su ci su sha da farin ciki. Abin kirki da ke cikin al'adar manomin Italiya shi ne zama tare, da ci a natse, da godiya. Wannan kuwa kana da shi ba sai ka saya ba. In jan abin sha mai-ɗan tsami ka ke so kusa da shinkafa da naman kaza, ga zoɓo a bakin gonarka. A dafa shi da citta da kanumfari, ya yanke maiƙo, yaro da tsoho su sha, ba mai-tangaɗi. Ga kunun tsamiya, ga kunun zaƙi, ga kunun aya, ga fura da nonon Fulani. In ɗanɗanon anab ka ke marmari, ana nomansa a ƙasar Kudan ta jihar Kaduna, ba nisa da kai. Saya ka ci ƴaƴan yadda Allah ya halicce su. Ko a teburin Ubangiji ma, tun shekara ta 1869, sa'anda wani mai-bi a Amurka, Thomas Welch, ya gano yadda za a dafa ruwan anab a hana shi tashi, ikilisiyoyi da yawa su ka koma ga marar-ƙarfi domin tausayin raunana.

Kuma ga albarkar da kwalba ba ta bayarwa: tulun zoɓo za ka iya aika wa maƙwabcinka Musulmi tare da tuwon idi, ya karɓa da hannu biyu, kamar yadda shi ma ya kan aiko maka da naman layya.

Kai saurayi da ka kawo tsarabar, ba mu ce kai mugu ba ne. So ka yi ka faranta wa gida rai. Amma abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Badi ka kawo wa tsohuwa zane, ka kawo wa ƙannenka littattafai. Kai maigida, in an kawo maka, karɓi yaron da fara'a, ka zaunar da shi ka yi masa bayani cikin taushi, kada ka kunyata shi a gaban mutane. Kai kuma da giya ta riga ta kama, kada ka fid da zuciya. Je wurin mai-wa'azinku ko dattijon da ka amince da shi ka faɗa masa. Je asibiti kuma, gama wanda ya daɗe yana sha da yawa, bari farat ɗaya ba tare da likita ba ya kan jawo masa jijjiga da haɗari. Wanda ya mutu dominka yana da iko ya kwance ka.

Kafin ka kai kowane ƙoƙo bakinka, yi wa kanka tambaya uku. Ina iya gode wa Allah a kansa da zuciya ɗaya? Ina so ɗana ya gan ni ya yi koyi? Ɗan'uwana rarrauna da maƙwabcina, in sun gani, za su matso kusa da Almasihu ko za su ja da baya? In ɗaya daga cikin ukun ta tsaya maka a rai, ajiye ƙoƙon.

ADDU'A

Ya Uba na Sama, kai ne mai-ba da ruwan sama da amfanin gona. Ka koya mana mu karɓi kyautarka da godiya da kamewa. Ka tsare samarinmu a birane, ka kwance waɗanda ke ɗaure, ka ta'azantar da matan da giya ta washe gidajensu. Ka sa akushinmu ya zama wurin salama, inda baƙo da maƙwabci da rarrauna za su zauna ba tuntuɓe. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.